Tumatir Mai Ƙuraje

Fangali uku na noman rani aka ba Raudatu, su ma aro ne na sanyi guda. Suna can ƙarshen lambun gidansu, wajen da bishiyar mangwaro take tare rana in ta karkata yamma, inda albasa ba ta cika yin kai ba. Lambun na gandu ne. Babanta Malam Yahya da ƙanensa Baffa Hashimu suke nomansa tare, da ruwan da yake gangarowa daga madatsar Watari. Baffa Hashimu bai so a ba ta fangalin ba ko kaɗan. Ya ce ko albasar ba ta yi kai ba ai tana yin lawashi, lawashi kuwa bai taɓa kwantai ba. Da yayan nasa ya matsa, sai ya yarda bisa sharaɗi. In abin da yarinyar za ta dasa ya yi 'ya'yan da za a sa a baki kafin zafi ya shigo, fangalin sun zama nata. In bai yi ba, a mayar da su albasa, kuma kada a sake tayar masa da maganar.

Abin kuwa sitiroberi ne. A Jos ta fara ganinsa, lokacin da aka tura ta taya yayarta Rukayya zaman jego bayan ta gama sakandare. Wata maƙwabciyarsu mai suna Huseina tana da shi a bayan gida, a kan kunyoyi masu tudu, ganyen ya baje, jajayen 'ya'yan suna leƙowa ta ƙasa. Ranar da aka ba ta ɗaya ta ci, ƙamshin bai bar bakinta ba har yamma. Ita kuwa Raudatu irin yaran nan ce da ko takardar da aka ƙunso ƙosai sai sun karanta kafin su yar. Ta zauna da wayar yayarta tana bin duk abin da aka rubuta a kan shukar, har ta gane cewa sanyin da ake yi a ƙauyensu daga yankan shinkafa zuwa ƙarshen Janairu zai iya isarta, in dai an dasa da wuri. Da za ta dawo, Huseina ta cika mata kwali da dashe, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ta ɗauki ɗaya ta nuna mata wani ɗan kumburi tsakanin saiwa da ganye, inda sababbin ganye suke tsirowa, ta ce wannan ce cibiyarta. Saiwa a ƙasa, cibiya a waje. In ƙasa ta rufe ta ko ruwa ya kwanta mata, ruɓewa za ta yi.

Kowa a bakin Watari ya san shukar rani a kwari ake sa ta, don ruwa ya kwanta a gindinta. Shi ya sa ranar da aka ga Raudatu tana tayar da kunyoyi a cikin fangali kamar damina ta sauka, masu wucewa suka riƙa tsayawa suna yi mata sannu da aiki irin sannun da akwai dariya a ƙarƙashinta. Ba ta ɗaga kai ba. Ta cakuɗa ƙasar da tsohon taki, ta jira rana ta yi sanyi, sannan ta dasa, tana duba kowace ɗaya sau biyu don ta tabbata cibiyar tana daidai da fuskar ƙasa.

Gwaggo Hure, yayar babanta da take zaune a gidan tun rasuwar mijinta, ta ce a nuna mata hoton abin da ake wa wannan wahala. Ta kai wayar kusa da hanci, ta nisanta, ta sake kawowa.

"Wannan ai tumatir ne da ƙuraje suka feso masa," in ji ta. "Shi ne kika sha mota tun daga Jos, Malama?"

Sunan ya bi shukar. Har Baffa Hashimu in ya wuce sai ya tambaya ya mai ƙuraje ya kwana.

Malam Yahya bai yaba ba, bai kushe ba. Amma yana da wata ɗabi'a da duk lambunan wajen suka san shi da ita. In ya fito daga sallar asuba yakan saɓa fartanya ya zaga, kuma hannunsa ba ya iya wuce shukar da gindinta yake a waje. Ko ta maƙwabci ce sai ya ja mata ƙasa. Da haka masararsa take tsayawa iska ba ta kayar da ita, tattasansa kuma yake daɗewa yana 'ya'ya. Haka ubansa ya koya masa, haka kowa yake yi, shi dai ya fi kowa kula ne.

Wata safiya ya zo kan kunyoyin 'yarsa, ya ga shukokin a zaune gindi a buɗe, sai tausayi ya kama shi. A ransa yarinya ce ba ta san zurfin dashe ba. Bai so ya gyara mata a gaban Hashimu ya ba shi abin faɗa. Ya sunkuya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tara musu ƙasa mai laushi har ta taɓa ganyen ƙasa, ya daddanna da tafin hannu, ya koma cikin albasa kamar ba shi ba.

Da hantsi Raudatu ta kawo musu koko. Tana isa ta tsaya cak. Ba ta buƙaci tambayar wanda ya yi ba, don ba wanda yake tara ƙasa da tsari haka sai mutum ɗaya. Ta hango shi can yana cire ciyawa, ya juya mata baya. Ta haɗa maganar a zuciyarta, ta rushe, ta sake haɗawa. Baba, wannan shukar ba a rufe ta. A'a, ya yi kama da umarni. Baba, a Jos an ce. Wannan kuma kamar tana cewa mutanen Jos sun fi shi sanin noma. Dama ita in za ta yi wa babba magana muryarta rawa take yi, balle ta gyara wa mahaifinta aikin da yake yi tun ba a haife ta ba, aikin da kuma don ita ya yi. Ta ajiye kokon ta ce sannunku da aiki, ta koma gida.

Da azahar, lokacin da maza suka tafi masallaci, ta dawo da wani tsohon cokali a cikin hijabi. Ta durƙusa ta riƙa yaye ƙasar a hankali, tana hure ragowar da baki, har kowace cibiya ta sha iska.

Bayan 'yan kwanaki Malam Yahya ya sake zagayowa ya ga gindin a buɗe. Ya yi tsaki ya rufe. Raudatu ta zo da azahar ta buɗe. Haka abin ya yi ta tafiya, uba yana rufewa da asuba, 'ya tana buɗewa da rana, ba wanda ya ce wa wani uffan. Innarta ta nemi cokalin har ƙarƙashin gado ba ta gani ba. Shukokin kuwa ba su mutu ba, ba su kuma yi gaba ba, don abin da ake tonawa ana binnewa ba ya samun natsuwar kama ƙasa. Sanyi ya fara zama sosai, kuma Raudatu ta san kowace safiya mai sanyi da ta wuce shukar ba ta yi sabon ganye ba, asara ce da ba za a rama ba.

Wata rana da la'asar, ana zaune a tsakar gida, Malam Yahya ya ce ya gano ɓarayin. Zabin Malam Kamaruddeen ne, mai lambun da yake maƙwabtaka da su, su suke tone wa yarinya shuka. Ya yi haƙuri ya gaji, in suka sake zai je har gida ya same shi, in ya so zumuncin ya lalace. Raudatu tana shan ruwa, sai ta ƙware. Gwaggo Hure ta bubbuga mata baya, tana kallonta ta gefen ido.

Da ya fita, Gwaggo ta kira ta ɗaki, ta sa hannu a aljihun hijabin da yake rataye ta zaro cokalin, da busasshiyar laka a bakinsa.

"Zabuwar nan na san ta," ta ce. "Da hijabi take yawo."

Raudatu ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai. Gwaggo ta ce abu mai sauƙi ne, yanzu za ta kira Yahya ta gaya masa, ai ita ta goya shi. Raudatu ta riƙe mata zani tana roƙo. Ta ce in ta bakin wani ya ji, zai ɗauka ta kai ƙararsa ne, kuma ko ya daina ba don ya yarda zai daina ba. Gwaggo ta jujjuya cokalin. Can ta ce ita ta san ƙanenta, tun yana yaro in an ce wuta da zafi sai ya taɓa. Maganar noma ba ta kunne take shigarsa ba, sai ya gani da idonsa. Ta ce a bar masa kunya ɗaya yadda ya rufe ta, kada a sake taɓawa, sauran kuma a ci gaba da buɗewa. Maganar zabi kuwa ita za ta riƙe shi, za ta ce ba girmansa ba ne ya yi faɗa a kan tsuntsu.

Raudatu ta daɗe kafin ta zaɓi kunyar da za ta bari. Duk ta san su, har da wadda ganyenta ya yage a mota. A ƙarshe ta bar ta bakin hanya. Kullum in ta zo da cokalinta sai ta wuce ta da sauri ba ta kallo.

Malam Yahya ya ji daɗi da ya ga ko ba komai akwai layi ɗaya da zabi suka ƙyale. Har ƙara masa ƙasa ya yi. Amma kafin wata ya raba, ganyen layin ya fara yaushi ko da an ba shi ruwa, tsakiyarsa ta yi baƙi, yayin da waɗanda ake tonewa suka fitar da sababbin ganye masu sheƙi.

Wata safiya Raudatu ta zo da koko ta same shi a tsugune a bakin kunyar, da shuka ɗaya a hannu. Ya tsaga gindin da farce, cikin ya yi ruwan ƙasa ya yi laushi, yana wari.

"Rauda, zo ki ga wani abu," ya ce. "Waɗanda zabi suka dama suna nan lafiya. Wannan da ba su taɓa ba ita ta ruɓe."

Ta ajiye kwanon kokon. Ta sa hannu a aljihu, ta fito da cokalin ta ajiye a ƙasa a gabansa.

"Baba, ba zabi ba ne."

Ya dubi cokalin, ya dube ta. Ita kuma da ta ga maganar ta riga ta fita, sai sauran ta biyo. Ta durƙusa kusa da wata mai lafiya ta ɗaga ganyen, ta nuna masa cibiyar, ta faɗa masa abin da Huseina ta ce da abin da ta karanta. Ta ce wannan ba kamar masara ba ce da take fitar da saiwa a kara in an tara mata ƙasa. Ita duk ranta a wannan ɗan kumburin yake, kuma iska yake so. Muryar ta yi rawa da farko, daga baya ta daina.

Ya sunkuyar da kai har ta fara tunanin ta ɓata masa rai. Sai ta ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake yi, har ya zauna daɓas a kan ƙasa.

"Ashe saura kaɗan na je na ci mutuncin Malam Kamaru a kan zabin da ba su san hawa ba." Ya goge ido da hannun riga. "To me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"Nauyinka na ji, Baba."

"Ke kika san nauyi. Ita shuka mutuwa kawai za ta yi." Ya miƙa mata cokalin. "Mayar wa innarki, ta ishe mu da cigiya. Sai kuma me take so, wannan baƙuwar taki?"

Ta ce tana son a shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa a kan kunya, don ƙasar ta riƙe sanyi da laima, 'ya'yan kuma kada su kwanta a laka. Ruwa kuma a kwarin kunya kawai, kada ya hau. Kafin azahar ya kawo dami biyu na ciyawar shinkafa daga wadda Baffa Hashimu ya ajiye wa shanunsa. Baffa ya zo ya ga kunya ɗaya a tuge, ya ce to ɗaya ta tafi, a jira sauran, sannan wa ya ba mai ƙuraje izinin kwanciya a kan abincin shanu.

Sanyin shekarar ya yi kyau. Da safe sai an hura wuta a ji ɗumi kafin a iya riƙe fartanya, kuma shukar kamar abin da take jira ke nan. Ta baje, ta rufe ciyawar, ta fitar da furanni farare masu rawaya a tsakiya. Zuma suka gano wajen. Furannin farko suka zube suka bar 'yan ƙulle-ƙulle kore. Ranar ban ruwa Malam Yahya da kansa yake tsayawa a bakin fangalin, da zarar ruwa ya kai rabin kunya sai ya toshe.

Ana cikin haka, Janairu bai ƙare ba, sanyin ya ɗauke rana ɗaya. Aka wayi gari ba mai neman bargo, kafin azahar ana neman inuwa. Inuwar mangwaron ba ta isowa sai la'asar, zafin kuwa tun hantsi yake sauka. Sababbin furanni suka fara ƙonewa suna faɗuwa, 'ya'yan da suka ƙulla suka tsaya ƙanana. Raudatu ta duba waya ta ga zafin ya haura digiri talatin, ta kuma san daga nan fure ba ya ƙullawa. Ta bi duk abin da ta taɓa karantawa, maganin da suke faɗa shi ne wata irin raga ta musamman da ko a Kano ba ta san inda ake sayarwa ba. Ta zauna a bakin fangali ta haɗa kai da gwiwa.

Malam Yahya ya zo ya sa bayan hannu a kan ganye, ya cusa yatsa ƙarƙashin ciyawa. Ya ce ai wannan ciwon ya san shi. Irin tattasai ma in an yafa shi zafi ya taso haka yake yi, kuma rumfa ake masa. Ba rumfa mai duhu ba, ta kara, a jera shi da tazara yadda rana za ta riƙa ɗigowa, a bar gabas a buɗe don ta safe ta shiga, a tsayar da zana ta kudu da yamma. Ruwa kuma a daina ba ta da rana, sai da sassafe lokacin da yake da sanyi.

Suka shiga aiki, shi yana kafa dirka ita tana miƙo karan dawa. Baffa Hashimu ya tsaya daga nesa yana cewa shuka har da ɗaki, saura a kawo mata fanka. Amma shi mutum ne da ba ya iya ganin rumfa a karkace. Da ya ga dirkar kusurwa ta jirkice sai ya ce a matsa, ya karɓi igiyar, shi ya ƙarasa ɗaurin kaf yana mita.

A ƙarƙashin rumfar ƙasa ta riƙe sanyinta har yamma. Furannin suka daina zuba. Bayan kamar mako sanyin ya dawo, ba da ƙarfin da ba, amma ya isa. 'Ya'yan suka kumbura, suka yi fari, sannan ja ya fara kama su daga tsini yana hawa.

Ranar tsinka ta farko Gwaggo Hure ta ce ko da rarrafe sai ta je lambu. Raudatu ta shimfiɗa ganyen mangwaro a faifai, ta riƙa yanke su da ɗan karansu tana jerawa. Faifan ya cika, aka karɓi murfin kwanon koko, shi ma ya cika, kuma ba a gama fangali na biyu ba. Ƙamshin ya sa har Malam Kamaruddeen ya tsallako daga lambunsa. Malam Yahya ya zaɓi manya ya cika masa hannu, ya ce ya kai wa iyali, kuma yana gaida zabi. Mutumin ya yi godiya bai gane ba, Gwaggo ta rufe baki da mayafi.

Aka miƙa wa Baffa Hashimu. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya shinshina, ya ciza. Ya ce da ɗan tsami, bari ya ji wata. Ya ci ta biyu ya ce wannan ta fi, amma ba a yanke hukunci da shaida biyu. Yana kai hannu karo na ba adadi Gwaggo ta janye faifan.

"Hashimu, shari'a kake yi ko karin kumallo?"

Ya tsotsi yatsa, ya gyara hula. Ya ce shi ba ya magana biyu, fangalin na Raudatu ne. Ya ƙara da cewa na huɗun da yake kusa da mangwaron ma a haɗa mata baɗi, dama albasar wajen wahalar da shi kawai take yi.

Raudatu ta durƙusa ta yi godiya. Tana miƙewa ta ga Baffa ya sunkuya kan wata shuka da ciyawarta ta zame. Ya ga gindin a waje, hannunsa ya kai ga fartanya tun bai yi tunani ba. Malam Yahya ya buɗe baki zai yi magana, amma ta riga shi.

"Baffa, ajiye fartanyar. Ba a rufe mata cibiya."

Ya tsaya da fartanya a sama, ya dubi yayansa. Malam Yahya ya ce ya ji dai abin da mai lambu ta faɗa. Baffa ya ajiye, ya tsuguna, ya ce to a nuna masa ina ne cibiyar. Raudatu ta ɗaga ganyen ta nuna masa.